Haƙorin Yayana: abin da na'ura ta gani da abin da na hana likita ji

Tun ranar da na kammala digiri na uku mahaifiyata take kirana Dakta, kuma har yau ba ta daina mamakin irin wannan dakta da ko allura bai iya ba. Labarin ƙasa nake koyarwa a jami'a. Aikina taswira ne, da nisan garuruwa, da yadda mutane ke kai da komo tsakanin ƙauye da birni. Amma a Dangora, inda aka binne cibiyata, duk wanda ya yi boko mai zurfi ana ɗauka ya san ƙofar asibiti, don haka idan ciwo ya faskari kemis da mai magani, wayata ake nema. Haka aka kira ni wata Laraba da daddare a ƙarshen watan Agusta, aka ce Yaya kwana uku ke nan bai runtsa ba, kuncinsa na dama ya kumbura, ko kunu da ƙyar yake haɗiya.

Yayan nawa manomi ne, ya girme ni da shekara tara. Shi ya tsaya a gona lokacin da aka tura ni makaranta, kuma da kuɗin masararsa aka saya mini akwatin da na tafi makarantar kwana da shi. Mutum ne da kunama ta taɓa harbi a gona, ya ƙarasa kunyar da yake nomewa kafin ya nufi gida. Da aka ce mini an gan shi yana share hawaye a zaure saboda haƙori, na san abin ya kai inda ya kai.

Kafin a kira ni an gwada duk abin da aka sani. Inna ta daka kanumfari ta cusa masa a kogon. An kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. An sayo kafso a kemis, ya sha na kwana biyu, da bai ga sauƙi ba ya canza wani. Ranar kasuwa kuma an kai shi wurin wani mai cire tsutsar haƙori, wanda ya turara masa hayaƙi, ya nuna masa wasu fararen abubuwa a ƙoƙo ya ce ga masu laifin nan. Abin da ya rage shi ne wanzami, wanda ya ce da zarar kumburin ya sace zai zo da awartakinsa. Na ce kada kowa ya taɓa haƙorin, gobe da sassafe a sa shi a mota daga Kwanar Dangora zuwa Kano, zan tarye shi a tasha.

Dalilin wannan ƙarfin hali nawa shi ne ni ma an taɓa yi mini. Shekara biyu kafin nan wani turmina na sama ya hana ni barci, na je da niyyar a cire shi, likita ya ce ana iya ceto shi. Aikin da suke kira rut kanal aka yi mini, wato aikin saiwar haƙori, kuma har yau da wannan turmin nake tauna tsire. Na fito daga wurin cike da sha'awar na'urori, ina ba abokan aiki labari kamar wanda ya dawo daga Hajji. Saboda haka da na ji labarin Yaya, ban tsaya tunanin komai ba. Na san maganin, na san inda ake yinsa, kuma albashina zai iya ɗauka.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin haƙori mai ciwo, domin yawancin kurakuranmu daga rashin sanin wannan suke tasowa. Farin ɓawon da muke gani a waje shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya wanda bai kai shi tauri ba. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da ɓargon haƙori, wato tsoka mai laushi da jijiyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi. Daga wannan ɗaki wasu siraran magudanai suke gangarawa ta cikin saiwoyi, su fita ta ƙarshen saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da muka bari, su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa narkar da ɓawon a hankali har ya huda shi. Muddin ramin bai kai ɓargo ba, ciko kawai yake buƙata, aikin da bai kai awa guda ba. Idan ya kai ɓargo, tsokar ta kumbura a cikin ɗakin da ba shi da wurin buɗawa, daga nan ne ake samun zugin da ke tashi tsakar dare.

Bayan wani lokaci ɓargon yakan mutu, zafin ya tsaya cak, mai ciwo ya yi hamdala ya yaba wa maganin da ya sha na ƙarshe. Alhali kuwa ƙwayoyin cutar sun sami gida ne, suna hayayyafa a magudanan, suna gangarawa har ƙarshen saiwa, inda mugunya take taruwa a cikin ƙashi. Kumburin kuncin Yaya daga nan ya fito. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa kafso ba ya warkar da irin wannan ciwo. Magani ta hanyar jini yake isa inda ake buƙatarsa, shi kuwa mataccen ɓargo jini ya daina shiga cikinsa. Kafson zai iya rage kumburin waje na ɗan lokaci, amma maɓoyar tana nan. Hanya biyu ce kawai: a cire haƙorin gaba ɗaya, ko a buɗe shi a kwashe ruɓaɓɓen ɓargon, a wanke magudanan, a toshe su. Idan an yi sakaci, musamman a turaman ƙasa, kumburin yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ya toshe numfashi, kuma ana mutuwa da wannan.

Batun tsutsa kuwa bai kamata mu yi wa mutanenmu dariya a kansa ba. Mutanen tsohuwar Iraƙi sun rubuta labarin tsutsar haƙori a allunan yumɓu dubban shekaru da suka wuce, Turawa ma sun daɗe suna gaskata ta. Likitan Faransa Pierre Fauchard, wanda littafinsa na 1728 ake ɗauka a matsayin tushen ilimin haƙori na zamani, yana cikin waɗanda suka yi watsi da ita, kuma sai a 1890 Willoughby Miller, Ba'amurke mai aiki a Jamus, ya fito da bayanin ƙwayoyin cuta da asid dalla-dalla. Haka kuma Inna ba ta yi kuskure da kanumfarinta ba. Man da ke cikinsa yana kashe zafi da gaske, kuma likitocin haƙori suna amfani da sinadarinsa a wasu abubuwan ciko. Ƙamshin nan da ke tarbar mutum a ɗakin likitan haƙori ɗan uwan ƙamshin kunun Inna ne. Iyakacinsa dai ya kwantar da zafi, ba ya kwashe ruɓa.

Da hantsi muka isa wani asibitin haƙori a cikin Kano. Likitan matashi ne mai ladabi, ya gaida Yaya da Baba, ya fara tambayoyi. Ni na amsa. Yaushe ya fara? Na faɗa. Yana da ciwon sukari ko hawan jini? Na ce ban sani ba, aka gwada. Adireshi? Na ba da na gidana na Kano, da lambar wayata, don a ganina haka ya fi sauƙi. Da likitan ya ce akwai zaɓi biyu, cirewa ko aikin saiwa, kuma zai bayyana wa Baba bambancinsu, sai na tari numfashinsa na ce aikin saiwa za a yi, ni ma an yi mini, kuɗi ba matsala ba ne. Yawancin wannan magana da Turanci muka yi ta. Yaya yana kishingiɗe a kujera, hularsa a cinya, yana kallon fitilar da ke bisa kansa.

Aikin kansa abin kallo ne, kuma ba zan ɓoye sha'awata gare shi ba har yanzu. An sa masa wani ɗan faifai a baki, cikin daƙiƙoƙi hoton eksire ya bayyana a fuskar kwamfuta. Turmi ne na farko na ƙasa, mai saiwa biyu, kuma a ƙarshen ɗaya daga cikinsu ga wani baƙin tabo inda mugunya ta cinye ƙashi. Rontgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895, kuma jim kaɗan bayan haka wani likitan haƙori mai suna Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoransa, inda ya zauna minti 25 hasken yana dukansa. Yau ƙiftawar ido ce, kuma hasken da ke shiga jiki kaɗan ne ƙwarai. A matsayina na mai aikin taswira, na ga taswira a wannan hoto: ga ɗaki, ga magudanai suna rarrabuwa kamar hanyoyin ruwan da suka taso daga dam ɗin Tiga zuwa gonakin Kadawa.

Bayan allurar kashe zafi, aka shimfiɗa wani ƙyallen roba a bakinsa, haƙorin kaɗai ya leƙo ta wani ɗan rami. Wannan dabara tsohuwa ce, wani likita a birnin New York mai suna Barnum ya ƙirƙiro ta a 1864, kuma amfaninta shi ne hana miyau da ƙwayoyin cutarsa shiga inda ake wankewa, da hana ruwan wankin ko ƙaramin ƙarfe faɗawa maƙogwaro. Da aka huda haƙorin, mugunya ta fito, Yaya ya yi ajiyar zuciya. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace wuya a wannan aiki: ina magudanar ta ƙare? Idan an tsaya kafin ƙarshe an bar ruɓa, idan an wuce an ji wa ƙashi rauni, kuma tazarar da ake magana a kai ba ta wuce milimita ɗaya ba. Likitan ya rataya wani ɗan ƙugiya a leɓen Yaya, ya haɗa waya da siririyar allura, ya zura ta a magudanar. Na'urar tana auna yadda ƙaramin lantarki ke ratsa tsoka, tana ƙara sautinta yayin da allurar ke kusantar bakin saiwa. Wani masani a Japan mai suna Sunada ne ya nuna yiwuwar haka a 1962.

Alluran da ake kankare magudanan da su ma sun canza. Na da, na baƙin ƙarfe marar tsatsa, suna da taurin kai, saiwa kuwa sau da yawa a lanƙwashe take, don haka sukan kauce hanya ko su huda gefe. A 1988 aka fara bayyana amfani da gaurayen nikel da titaniyam, ƙarfen da yake lanƙwasa ya bi kwana sannan ya koma yadda yake. Ana ɗora su a kan ƙaramin inji mai juyawa a hankali, aikin da a da yake cin zama da yawa ya ragu sosai. Akwai kuma madubin ƙara girma, wanda da shi aka gano magudana ta huɗu a nawa turmin, wadda ido kaɗai kan tsallake, kuma tsallake ta yana cikin manyan dalilan da ke sa ciwo ya dawo. Na tambayi likitan game da na'urar da ke ɗaukar hoton haƙori ta kowane ɓangare, wadda aka fara fitarwa a Italiya da Japan a ƙarshen shekarun 1990. Ya ce tana da amfani idan saiwa ta rikice ko aikin baya ya gaza, amma haskenta ya fi yawa, kuɗinta ma haka, kuma haƙorin Baba bai buƙace ta ba. Na ji daɗin wannan amsa, don ta nuna mini mutumin ba ya tallan kaya.

Saboda mugunyar, ba a iya ƙarasawa a ranar ba. An wanke magudanan, an zuba magani a ciki, an rufe da ciko na wucin gadi. Likitan ya ce a dawo bayan mako biyu a toshe magudanan da wani danƙo da ake kira gutafarca, wanda asalinsa ƙaron wasu itatuwa ne na yankin Malesiya, sannan a sake dawowa a yi ciko na dindindin a ɗora hula. Hular nan irin haƙorin Makka ce da iyayenmu suke dawowa da shi, sai dai ita ba don ado ba ce. Turmin da ruɓa ta ci aka kuma huda tsakiyarsa ya zama kamar rumbun da gara ta cinye cikinsa, idan ba a ɗaure shi ta waje ba nauyin tauna zai tsaga shi. An rubuta ranar dawowa a kati, aka miƙa mini. Ni na sa shi a aljihuna.

Daren nan Yaya ya yi barci har da minshari. Washegari ya ci tuwo, ya ce zai koma, ciyawa ba ta jiran kowa. Na sa shi a mota ina jin kaina kamar wanda ya biya wani tsohon bashi.

Ranar dawowa ta faɗo cikin makon jarrabawa, ina da takardun ɗalibai fiye da ɗari biyu a gabana. Na kira asibitin na ɗaga zuwa ƙarshen Satumba. Da ƙarshen Satumba ya zo na kira Yaya, ya ce masara ta isa karya, ga 'yan ƙwadago ya riga ya ɗauka, a bari a kai amfani gida. Bayan masara sai shinkafa. Duk wanda ya san yankinmu, daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, ya san kaka ba lokacin tafiya ba ce, kwana ɗaya da manomi zai bar gona yana iya zama asarar buhu. Kullum na matsa masa amsarsa ɗaya ce: “Malam, haƙorin nan fa ya warke, ko ruwan randa na sha ba na jin komai.” Asibitin sun kira sau biyu don tunatarwa, amma lambata ce a wurinsu, ni kuwa ina aji. Cikon wucin gadi an yi shi ne don makonni, ba don watanni ba. Ya zaizaye ya faɗi ba tare da Yaya ya kula ba. A watan Disamba yana shan rake a bakin Kwana, ya ji ƙas. Turmin ya tsage biyu har cikin saiwa.

Muka koma. Likitan ya duba, ya ɗauki hoto, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce wannan kam babu na'urar da za ta ɗinke shi, sai cirewa. A wannan karon da Hausa ya juya ga Yaya ya tambaye shi inda yake zaune da sana'arsa. Da ya ji amsa sai ya dube ni ya ce, cikin ladabin da ya fi faɗa ciwo, da ya san Baba daga Dangora yake zuwa kuma kaka na tafe, da ya tsara aikin daban. Da ya nemi ya zauna a Kano mako guda, ya haɗa toshewar da ciko mai ƙarfi a zama na biyu, ya rage tsinin haƙorin don kada ya tsage kafin a sami damar hula. Ko kuma da ya faɗa masa gaskiya cewa idan dawowa ba za ta yiwu ba, cirewa cikin tsabta ta fi aikin da aka bari a rabi.

A mota muna komawa tasha na fara ƙorafi a kan kuɗin da aka yi asara da yadda ya ƙi jin magana. Yaya, da auduga a baki, ya bari na gama, sannan ya ce a hankali: “Kai ka kai ni, kai ka yi magana, kai ka biya, kai ka riƙe katin. Ni dai bakina aka ce in buɗe, na buɗe. Ba wanda ya ce mini aikin bai ƙare ba.” Na so in ce na faɗa masa, sai na tuna abin da na riƙa cewa shi ne likita yana son ganinsa. Ban taɓa zama na bayyana masa cewa rashin zafin alamar an cire jijiya ce kawai, kuma haƙorin a buɗe yake kamar ɗakin da aka yaye rufinsa ba a mayar ba. Bayanin nan da na yi wa mai karatu a sama, wanda bai ɗauke ni minti biyar ba, ban taɓa yi wa mai haƙorin ba.

Abin ya fi yi mini ciwo saboda darasin da nake koyarwa ke nan. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa ba a auna nisan asibiti da kilomita kaɗai, ana haɗawa da kuɗin mota, da ranar aikin da za a rasa, da lokacin shekara. Ina kafa musu misali da rijiyoyin burtsatse da aka haƙa ba tare da an tambayi masu ɗiban ruwa ba. Ga shi ni da kaina na tsara wa ɗan uwana magani na zama uku a birni mai nisan tafiyar fiye da awa guda daga gonarsa, a bakin kaka, ban tambaye shi ko zai iya ba. Likitoci suna da abin da suke kira tsarin magani, wato shawarar da ake yankewa kafin a taɓa haƙori: shin abin da ya rage na haƙorin zai iya ɗaukar hula? Dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi lafiyarsu ƙalau? Mai haƙorin yana da ciwon sukari da zai jinkirta warkewa? Zama nawa ake buƙata, nawa ne kuɗin duka har da hula, kuma zai iya dawowa? Na'ura tana amsa tambayoyin farko da daidaiton da kakanninmu ba su yi mafarkinsa ba. Na ƙarshen kuwa daga bakin marar lafiya kawai ake samunsu, kuma ni na tsaya tsakaninsa da likita. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, sun kuma ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba ina cewa cirewa ta fi ba. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus da ya rayu kusa da Ƙurɗuba ya rasu wajajen 1013, ya yi gargaɗi a littafinsa Attasrif cewa a gwada duk dabarar magani kafin a cire haƙori, don ba a samun madadinsa, ya kuma koka da masu cirewa cikin gaggawa waɗanda kan karya saiwa ko su cire lafiyayye su bar mai ciwo. Shekara dubu bayan haka maganarsa tana nan daram. Idan an cire turmi, maƙwabtansa sukan karkato cikin gurbin, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe ɗaya. Dattijon da ya rasa turamansa yakan bar nama da gyaɗa ya koma kunu da koko, jiki ya riƙa raguwa ana cewa tsufa ne. Awartakin da ba a dafa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ba kuma yana iya ɗaukar ciwon hanta daga baki zuwa baki. Haƙorin manomi bai fi na malamin jami'a arha ba, kuma bai kamata aikin saiwa ya zama gatan mazauna birni ba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma uku cikin huɗu daga cikinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Nijeriya ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan lafiyar baki tun 2012. A Kano muna da Tsangayar Ilimin Haƙori a Jami'ar Bayero, ɗalibanta suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wato masu ilimin suna fitowa a gida. Abin da nake roƙo shi ne a kusanto da aikin. Na'urar hoton nan ta zamani, da ma'aunin saiwa, da ƙaramin injin allurai, dukansu ba su cika jaka ɗaya ba, kuma wasunsu da batir suke aiki, hasken rana zai iya cajinsu. Idan aka ajiye kujera da tukunyar dafa kayan aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumominmu, likita ya riƙa zuwa a ranaku sanannu, musamman ranakun kasuwa da mutane suka riga suka fito, zama uku ba zai zama tafiya uku zuwa Kano ba. Makarantar koyon aikin lafiya da ke Bebeji tana iya zama wurin horar da matasan da za su riƙa duba bakin yara a makarantun firamare. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ita ma ta duba yadda ciko da aikin saiwa za su zo hannun wanda ba ya karɓar albashi.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gwamnati. Turmin nan da Yaya ya rasa yana fitowa ne tun yaro yana da shekara shida, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗauka na nono ne, idan ya yi rami su ce ai zai famfare. Ba ya famfara, shi ke nan har tsufa, kuma yana cikin haƙoran da suka fi saurin ruɓewa. Yaranmu yanzu suna shan alawa da lemun kwalba da shayi mai sukarin da mu ba mu samu ba a ƙuruciya. Asuwakin da addini ya kwaɗaitar da mu a kansa yana da amfani na gaske idan an yi shi da kyau, a haɗa shi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare. Wanda ya ji haƙori yana tsami da ruwan sanyi ko zaƙi, lokacin ciko ne, kuma kuɗin ciko bai kama ƙafar na aikin saiwa da hula ba.

Ga 'yan uwana 'yan boko da ake kira daga gida idan ciwo ya tashi, shawarata daga abin da ya same ni take. Mu raka, mu biya idan muna da hali, mu fassara idan ana buƙata, amma mu bar mai ciwo ya yi magana da bakinsa. A rubuta adireshinsa da lambarsa, a ba shi katinsa a hannu, a tambayi likita a gabansa da Hausa: sau nawa za a zo, nawa ne duka, me zai faru idan ba a dawo ba? Likitoci kuma, ko ɗan rakiya ya zo da digiri goma, su juya ga wanda ke kan kujera.

Da Ƙaramar Sallah na je gida. Bayan an sauko daga Idi muna zaune a zaure, na lura Yaya yana tauna nama da gefen hagu, yana karkatar da kai kaɗan. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Can sai ya kira ƙaramin ɗansa, mai shekara bakwai, ya ce ya buɗe baki Baffa ya gani. A turmin yaron na ƙasa akwai ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero. Yaya ya ce yana so a duba shi kafin ruwa ya sauka, kuma shi zai kawo shi da kansa. Na ce to. Ranar da suka zo na kai su har ƙofar ɗakin likita, na zauna a benci a waje da takardun ɗalibaina, ina jiyo muryar Yaya yana tambaya sau nawa za su dawo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace.